Bangon Littafin Auta

Shekara talatin da ɗaya mai ɗinkin littafi ya yi yana gyara abin da wasu suka yaga. Littafi ɗaya tak ya taɓa yagawa da hannunsa, kuma na ɗansa ne, kwana tara kafin yaron ya rasu.

Shagonsa ɗan ƙarami ne, a ƙarƙashin matakalar wani bene, tsakanin mai gyaran agogo da kantin fitilu. Tebur ɗaya, ƙarfen matsi ɗaya na danne littafi, kwalbar gam, basilla uku, da wuƙar da ya wasa har ta koma siririya kamar ganye. Bai yi nisa a makaranta ba. A littattafan mutane ya koyi karatu, shafi biyu nan, shafi uku can, kafin mai su ya zo karɓa. Shi ya sa yake girmama littafi fiye da waɗanda suka gama makaranta, shi ya sa kuma ba shi da haƙuri da abin da yake kira shirme a cikin bango. Mutum ne mai gaskiya, ba ya ha'inci, ba ya zagi. Amma bakinsa bai taɓa iya cewa "na yi kuskure" ba, kuma ana jin tsoronsa a gida fiye da yadda yake zato.

'Ya'yansa biyu ne. Babbar mace ce, shekararta sha tara. Ƙanenta ne ya laƙa mata suna Nas, don tun tana ƙarama ita ke ƙirga masa ƙwayoyin magani, sunan kuma ya bi ta. Shi Auta shekararsa sha biyar, da sikila aka haife shi, rabin rayuwarsa a gadon asibiti ya yi ta. A can wani majinyaci ya fara ara masa littattafan zanen nan da yara ke kira manga, baƙi da fari, samari da 'yan mata masu manyan idanu suna ta faɗa da aljanu. Daga ranar Auta bai sake rabuwa da su ba. Ana ƙarin ruwa a hannu ɗaya, littafi na ɗaya hannun.

A farkon shekarar likita ya kira iyayen ofishinsa, ya tura ƙofa, ya ce ƙodar yaron ta gaza, abin da ya rage watanni ne. Da suka fito, tun a barandar asibitin mai ɗinkin littafi ya yanke hukunci, ya haɗa har da Nas.

"Ba wanda zai gaya masa. In ya tambaya, sauƙi na samuwa. A gidana ba a ambaton wancan abin. Kun ji ni?"

Sun ji shi. Wata biyar suna yi wa yaron murmushi suna ce masa saura kaɗan ya koma makaranta.

Wata rana da yamma ya dawo daga shago ya tarar da Auta kwance a doguwar kujera, ƙafafunsa sun kumbura, an tokare su da matashi. Yaron ya yunƙura ya miƙa masa littafi da hannu biyu.

"Baba, sannu da zuwa. Wannan shi ne na ƙarshe a cikin jerin. Don Allah ka duba min shi. Shi kaɗai."

"Ka sha maganinka?"

"Na sha. Nas ta tsaya a kaina kamar soja. Baba, ba sai ka karanta Turancin ba, zanen ma ya isa. Ka bi shi har ƙarshe kawai."

Uban ya karɓa ya dubi bangon. Wani yaro ne siriri, ga wani baƙin abu mai haƙora yana fasowa daga cikin haƙarƙarinsa. Ya ɗago ya dubi haƙarƙarin ɗansa da ke motsi a ƙarƙashin riga. Tsoro ne ya kama shi, amma shi mutum ne da tsoronsa ba ya sanin wata hanyar fita sai ta faɗa.

"Kana kwance ba lafiya, abin da kake cusa wa kanka ke nan? Aljanu da jini? Shi ya sa ba ka barci, shi ya sa jikin ya ƙi sauƙi!"

"Ba haka ba ne, Baba. Ka dai duba..."

Bai bari ya ƙarasa ba. Ya san inda littafi yake karyewa fiye da kowa. Ya fizge bangon har da shafin da ke manne da shi, ya raba sauran gida huɗu daga ƙashin bayan littafin, ya keta kowane kaso. Bangon ya fita da shi waje ya jefa a garwar shara. Auta bai yi kuka ba. Ya dai juya fuskarsa bango. Nas ce ta durƙusa tana tsince takardun ɗaya bayan ɗaya, har waɗanda suka shige ƙarƙashin kujera.

Kwana tara bayan haka, da hantsi, Auta ya cika a asibiti.

Tun daga ranar da aka binne shi Nas ba ta sake kiran ubanta Baba ba. Ba ta yi masa rashin kunya ba ko sau ɗaya. Tana gaishe shi, tana ajiye masa shayi, tana goge masa riga. "Ina kwana." "Ga shi." "To." Shi ke nan. Da ma zaginsa ta yi, da ya san yadda zai yi da ita. Wata huɗu aka yi a haka, har takardar makarantar jinya ta zo. Makarantar tana wani gari mai nisa, karatun shekara uku ne, kuma ranar Asabar za ta tafi.

Ran Litinin da safe yana ɗaura takalmi, matarsa ta zo ta ajiye wata rigar matashi a kan gwiwarsa. Ya taɓa ya ji takardu.

"Mene ne wannan?"

"Ka san ko mene ne. A ƙarƙashin katifarta na ɗauko. Baban Nas, yarinyar nan in ta fita da wannan shirun, ba za ta dawo da magana ba. Na san halinta, naka ne ta kwaso kaf."

"To me kike so in ce mata?"

"Ni na ce ka ce wani abu? Shekara ashirin da biyu ban ji ka ba wa mutum haƙuri ba, ba yau zan sa rai ba. Amma ka iya ɗinki. Ɗaya ya tafi. Kar ka bari ta biyun ta tafi da ƙafarta."

Ya naɗe rigar matashin ya sa a hammata ya fita.

A shago ya ture aikin mutane gefe, ya zazzage takardun a tebur. Nan ya ga irin ɓarnar da ya yi. Shafi wajen ɗari da casa'in, kowanne a kece, kuma yawancinsu babu lamba, don zanen ya cinye takardar har baki. Babu hanyar jera su sai ta bin yagar. Kowace yaga da bakinta, kuma ba ta haɗuwa sai da 'yar uwarta. Ya fara gwadawa, ya ga idonsa ba zai kai ba, sai ya ƙwanƙwasa katakon da ya raba shi da maƙwabcinsa.

"Mai agogo, ara min gilashin nan naka na ido ɗaya."

Mai agogo ya zagayo da gilashin a hannu. Tsoho ne mai tumbi, bakinsa ba ya hutawa. Ya leƙa teburin ya ja da baya.

"Iye! Malam Basilla da kansa? Ba kai ka kori jikana daga bakin shagon nan a kan irin waɗannan ba? Yau kuma aljanu kake yi wa tiyata?"

"Na Auta ne."

Dariyar ta mutu a fuskar tsohon. Ya ajiye gilashin a hankali. "Allah ya jiƙansa. Riƙe shi har ka gama." Ya kai bakin ƙofa ya juyo. "In ka ga babbansu ya motsa dai, ka ƙwala min kira. Ni ta baya zan bi."

Kwana uku ya yi a kan aikin. Ya yanka siraran takardu masu shara-shara, ya shafa musu gam da bakin gashin tsuntsu, ya haɗa kowace yaga har sai layin zanen ya sadu da ɗan uwansa. Bai tsaya kallon labarin ba. Idonsa a kan bakin takarda yake, rabin fuska nan, rabin takobi can. Da ya gama, ya bi sawun tsohon gam ya gane gefen ƙashin baya, ya jera, ya huda, ya ɗinke da zare mai kakin zuma, ya sa a ƙarfen matsi. Ko shafi ɗaya bai ɓata ba. Ya yanka kwali, ya lulluɓe shi da shuɗin yadi mai duhu, mafi kyau a shagon.

Saura suna. A shekara talatin da ɗaya ya ɗinka littattafai masu buɗewa ta dama da masu buɗewa ta hagu, ba adadi, kuma ƙa'idarsa ɗaya ce da ba ta taɓa ba shi kunya ba: dubi baƙaƙen, su za su gaya maka fuskar littafi. Ya duba ya ga baƙaƙen boko ne. Ya kwantar da littafin yadda ake kwantar da kowane littafin boko, ya ɗora haruffan tagulla a wuta, ya buga AUTA a tsakiyar bango da ruwan zinariya.

Ran Alhamis da azahar ya wanke hannu, ya zauna, ya buɗe ta inda ya buga sunan. Yaron ya ce a bi shi har ƙarshe. To, ga shi zai bi.

Shafin farko ya buge shi a ƙirji. Bakin kogi ne. Wani tsoho mai kwale-kwale yana zaune a ƙasa, yaron nan siriri na kwance a cinyarsa, ido a rufe, wani baƙin tabo ya rufe shi daga hannu har wuya. A ƙarƙashin maganar tsohon akwai rubutun fensir, rubutun Auta, mai karkata kamar zai faɗi. Auta ya fassara maganar, ya ja mata layi biyu: *Na gani, ɗana. Ina nan.*

Ya juya. Wani fensirin, a bakin yaron: *Ba ciwon ne ya gajiyar da ni ba. Ɓoye maka ne.* Ya sake juyawa. *Na daɗe da sani.* Ya sake. *Baba, ka duba. Ba taɓo ba ne.*

Shafi shida fensirin ya yi, daga nan ya ƙare. Ya ce a ransa, yaro ya fara fassara masa daga farko, gajiya ta hana shi ci gaba. Ya daure ya ci gaba da zane kaɗai.

Sai ga abin mamaki. Yaron ya buɗe ido. Ya miƙe tsaye. Ya ɗauki sandar tuƙa kwale-kwale ya shiga faɗa da wani aljani mai hannaye kamar saiwar itace, 'yan uwansa yara uku na kewaye da shi. Baƙin tabon ya sauka daga wuya zuwa kafaɗa. Bayan shafi talatin ya koma gwiwar hannu. Raunukan suna raguwa, rigar da ta yage tana komawa sabuwa.

Mai agogo ya shigo karɓar gilashinsa, ya tsaya a bayansa yana leƙe.

"Wannan wane irin dambe ne? Mutum ya fara faɗuwa, sa'an nan a kai masa duka?"

"Shirmen masu zanen ne."

"Ni dai da agogo aka kawo min haka, cewa zan yi baya yake tafiya."

"To je ka kula da agogonka."

Mutum in yana son ya yarda da abu, ko an nuna masa da yatsa ba ya gani. Ya ci gaba da juyawa har ya kai shafi na ƙarshe. Tabon ya zama ɗan ɗigo a wuyan hannu. Yaron na tsaye a bakin ƙofar gidansu, jaka a kafaɗa, rana ta fito, ubansa na zaune yana ɗinkin koma. Ya dawo gida lafiya lau.

Mai ɗinkin littafi ya kifa kansa a tebur ya yi kukan da bai yi ba a maƙabarta. Amma kukan da sanyi a cikinsa. Ashe abin da yaron ke son gaya masa ke nan: zan tashi, Baba, zan dawo gida. Ashe bai sani ba. Ya tafi yana sa ran warkewa. Yaga littafin laifi ne, ya yarda. Amma ɓoyewar daidai ce. Rabon da ya ci abinci ya ji ɗanɗanonsa tun wata huɗu, sai ranar.

Asabar da safe Nas tana durƙushe a ɗakinta tana danna akwati. Gadon Auta na nan a ɗaya gefen, an cire zanin gadon, katifa tsirara. Uban ya yi gyaran murya a bakin ƙofa. Matarsa na bayansa, ta riƙe labule.

"Ina kwana," in ji Nas, ba ta ɗago ba.

Ya ajiye littafin a kan akwatin. Ta dube shi. Ta shafa shuɗin yadin, ta shafa sunan. Ta buɗe tsakiya, ta kai shafin kusa da ido tana neman yagar, da ƙyar ta gan ta. Ta rufe, ta juya littafin, ta sake juyawa, ta dubi gefen da sunan yake. Da ya bar ta a nan, wataƙila da ba ta ce komai ba. Amma shi ya matsu ya raba mata sanyin da ya samu.

"Na duba shi har ƙarshe, yadda ya ce. Yaron ya warke. Ya koma gida wurin ubansa. Kin ga abin da ƙanenki ke sa rai ke nan. Da mun gaya masa, da mun kashe masa wannan. Gara da aka ɓoye."

Nas ta ɗago. Rabon da ta dube shi ido cikin ido tun ranar da ta tsince takardun.

"Ta ina ka fara?"

"Ta farko mana. Ta inda sunan yake."

"Nan ne ƙarshe."

"Ke, baƙaƙen boko ne. Shekara talatin ina..."

"An fassara maganar ne kawai, zanen yana nan yadda masu shi suka yi. Ta dama ake buɗe su, dukkansu. Akwai ma shafin da ke gargaɗin wanda ya buɗe ta baya. Yana manne da bangon da ka jefa a shara."

Ta kifa littafin, gefen da ba suna ya dawo sama. Ta buɗe. Ga yaron a bakin ƙofa, jaka a kafaɗa.

"Ba dawowa ya yi ba. Fita zai yi. Ka ga ɗigon nan a hannunsa? Aljanin a cikin ƙashinsa yake, da shi aka haife shi. Sauran yaran da na waje suke faɗa, shi da na waje da na ciki. Ya nuna wa ubansa, uban ya ƙi ɗagowa daga komar. Ya ce taɓon kogi ne, wanka zai fitar." Ta juya shafuka da yawa a haɗe. "Ga shi ya kai gwiwar hannu. Ya aiko wa uban wasiƙa, uban ya amsa, taɓo ne. Ga shi a kafaɗa. Ga shi a wuya."

Ya zauna a bakin katifar Auta.

"Fensirin..." ya ce. "Na ɗauka gajiya ya yi."

"Kwana biyu ya yi yana rubuta shafi shidan nan, yatsunsa a kumbure, ni ke fere masa fensir. Bai fassara sauran ba don ba su yake so ka karanta ba. Nan yake so ka iso." Ta buɗe wurin, ta karanta su a jere yadda suke. "Baba, ka duba. Ba taɓo ba ne. Na daɗe da sani. Ba ciwon ne ya gajiyar da ni ba, ɓoye maka ne." Ta ɗora yatsa a kan layi biyun nan na shafin ƙarshe, ta kasa karantawa.

Uwar ta saki labulen ta toshe bakinta.

"Ya sani?" in ji shi.

"Tun ranar da likita ya tura ƙofa. Ya ce min, Nas, ba a tura ƙofa don a ce mutum ya warke. Ya ce ku duka ba ku iya ƙarya ba, Mama in ta yi sai ta gyara ɗankwali, ke kuma sai ki hau faɗa a kan magani." Ta yi wata 'yar dariya da hawaye. "Kai kana cewa aljanu da jini ne suke ja masa ciwo. Ka san abin da ya sa yake son su? Ya ce nan ne kaɗai yaro ke jin ciwo a zana ciwon da girmansa, shafi guda cur, ba wanda zai ce masa ba komai. A asibiti ana juya shi kamar buhu, a gida ana yi masa murmushi. A cikin nan kuwa yaro kamarsa ya san abin da zai kashe shi, ya san sunansa, an ba shi sanda an ce je ka. Ko ya faɗi, a tsaye ya faɗi, kuma akwai wanda ya gani."

"Me ya sa ba ki gaya min ba?"

"Ka ce a gidanka ba a ambaton wancan abin." Ta share fuska da bayan hannu. "Kuma ni ma ban fi ka ba. Da ya ce min ya sani, ka san abin da na ce? Na ce rufe min baki, za ka warke. Na bi umarninka. Ni ya gaya wa da baki, ni ma na ce masa taɓo ne. Wata huɗun nan kana zaton kai kaɗai nake jin haushi?"

A waje wani yana ta buga ƙofar maƙwabta. Mai ɗinkin littafi ya miƙa hannu, ta ba shi littafin. Ya dubi tsohon nan da yaro a cinyarsa, ya dubi kalmomi biyar da aka ja wa layi biyu. Abin da aka roƙe shi ke nan, kalmomi biyar. Yaron har rubuta masa su ya yi, don kar ya sha wahalar nema.

"Na yi kuskure," ya ce. Maganar ta fito da ƙyar kamar ƙofar da ta shekara ba a buɗe ba. "Ba a bangon kaɗai ba. Na bar shi shi kaɗai da abin. Ke ma na bar ki ke kaɗai." Ya laluba aljihu ya fito da wuƙarsa. "Bari in cire bangon. Minti goma ne, in juya shi."

Nas ta riƙe masa hannu.

"Bar shi."

"Ba daidai yake ba."

"Na sani. Da yana nan da ya yi dariya har cikinsa ya ƙulle. Babban gwanin littafi ya sa wa littafi riga a baibai." Ta saki hannun. "Kuma ba nawa ba ne da zan tafi da shi. Kai ya ba. Ka karanta shi ta inda ya ce."

Ta juya ta danna akwatin da gwiwa, ta ja zif. Ta ɗaga shi, ya rinjaye ta, ta ajiye. Ta tsaya tana kallon hannun akwatin na ɗan lokaci.

"Baba, kama min. Motar ƙarfe tara ce."

Ya ɗora akwatin a kafaɗa. Har tasha ba su yi wata magana mai tsawo ba. Ta ce ya riƙa shan maganin hawan jininsa, ya ce to. Ya ce ta kira uwarta in ta sauka, ta ce za ta kira su duka biyu. Da motar ta tashi ba ta ɗaga masa hannu ba, amma ta dube shi ta taga har suka sha kwana.

Daga tasha shago ya wuce. Mai agogo ya leƙo da wata tsokana a bakinsa, ya ga fuskarsa, ya haɗiye ta ya koma. Mai ɗinkin littafi ya kifa littafin, ya buɗe ta gefen da ba suna, ya bi yaron daga bakin ƙofa har bakin kogi, bai tsallake shafi ba. Da ya iso layi biyun nan ya karanta su da ƙarfi, a cikin shagon da ba kowa. Ya makara da wata huɗu da kwana tara, kuma ya san babu ɗinkin da zai gyara wannan.

Littafin na nan a kan shiryayye, sama da ƙarfen matsi, da bangonsa a baibai. Yawanci ta dama yake buɗe shi. Amma akwai ranakun da abin ke yi masa yawa, sai ya sauko da shi ya buɗe ta inda sunan yake, ya ga yaron ya buɗe ido, ya miƙe, tabon na ja da baya har ya iso ƙofar gida. Ya san ƙarya ce. In ya kai ƙarshe sai ya kifa shi, ya sake farawa ta inda Auta ya ce.